Turaren Wuta a Shagon Shayi

Litinin, 16 ga Yuni, 2025

Ruwa ya sauka da asuba, mai laushi, ba iska. Na iso kwaleji zanina jiƙe har gwiwa, amma raina fes. Ƙosai ya ƙare kafin tara. Ɗalibai sun dawo daga hutun Sallah da yunwa kamar ba su ga nama ba.

'Yata Saliha ta zo jiya daga Chinade, goyon ciki. Wata bakwai. Mijinta Abdurrahim ya kawo ta a babur, a hankali, wai har keke na wuce su. Na ce ta zauna a gida ta huta, ta ce da bango za ta yi hira? Gaskiyarta. Tun da Maigida ya rasu gidan ya yi mini yawa. Sai na taho da ita shago, na shimfiɗa mata tabarma a bayan tebur, kusa da butar shayi.

Malam Jaji ya taso daga gadin ƙofa ƙarfe goma kamar kullum. Yana ganinta ya kira ta da sunan ubanta, ya ce, "A'a, 'yar Yero! Wa ya hura ki haka?" Ta ja mayafi ta rufe fuska. Ya yi dariya har tari ya kama shi, sannan ya zauna a bencinsa ya kunna tabarsa.

Na ce bencinsa. Na Maigida ne, shi ya sa aka ƙera. Amma shekara ashirin da biyu amininsa na zama a gefen hagu, har katakon ya lotsa daidai shi.

Laraba, 18 ga Yuni

Malam Cornelius na ofishin ɗalibai ya zo da guduma da ƙusa, ya kafa allo a jikin bishiyar maina da ke gaban shago. Hoton karan sigari, an gitta masa jan layi. Wai daga ɗaya ga watan gobe ba mai shan taba a cikin katangar kwaleji. Ba a aji ba, ba a ɗakin kwanan ɗalibai ba, ba a bayan masallaci ba.

Ya ce, "Mama Fatu, har shagonki fa."

Na ce ai ni ba na sayarwa. Tun da na karɓi shagon na daina, mace da kwalin sigari bai yi mini tsari ba. Ya ce ba sayarwa kaɗai ba, sha ma. Ya nuna laitar kunna taba da ke rataye da zare a jikin ginshiƙi. Na yi kamar ban ga inda ya nuna ba. Laitar idan ta ƙare Malam Jaji ke canjawa, amma zaren Maigida ne ya ɗaura da hannunsa, ƙulli uku, don kada a yi gaba da ita.

Malam Jaji ya tsaya gaban allon ya daɗe, hannu a baya. Sai ya ce da Umara, mai gyaran wutar kwaleji, "Ba ni ashana in haska, rubutun ƙanana ne." Da rana tsaka! Ya kunna kara ɗaya a nan ƙarƙashin allon. Malam Cornelius ma sai da ya dara. Ya ce, "Baba, sha da kyau, saura kwana goma sha uku."

Juma'a, 20 ga Yuni

Abin da ba zan faɗa wa kowa ba: ni warin tabar nan ba ya damuna. Maigida bai taɓa sa ta a baki ba, ko sau ɗaya. Goro ma sai an matsa masa. Amma kullum ya dawo gida rigarsa da hularsa warinta suke yi, haɗe da citta da madara. In wanke, in shanya, gobe ta dawo. Yanzu idan Malam Jaji ya busa hayaƙi, na juya baya ina zuba shayi, sai in ji kamar zan waiwayo in gan shi.

Kuma shi kaɗai ya rage mai ambatonsa. Dangi sun yi addu'ar shekara sun koma harkarsu. Yara idan na ɗauko zancen sai su ce, Inna ki yi haƙuri. Ni ba haƙuri na rasa ba, hira nake so. Malam Jaji kuwa kowace safiya da labarinsa. Yau na saniyar wani makiyayi Jumare ne, wadda ta ɓalle daga garke ta sa kai cikin shago ta cinye burodi biyu, Maigida ya tsaya yana yi mata faɗa da Fillanci, wai ko sallama ba ta yi ba. Na ji labarin nan ya fi sau talatin. Saliha ba ta taɓa ji ba, ta yi ta dariya tana riƙe da ciki.

Ban manta ba kuma, ina cikin takaba aka so a ba wani shagon. Malam Jaji ne ya yi ta sintiri ofis-ofis har aka bar mini. Wata huɗu yana share wurin da kansa, dattijo da tsintsiya.

Talata, 24 ga Yuni

Na raka Saliha awo wurin Sista Kezia a asibitin kwaleji. Komai lafiya, ɗa na motsi, sai ƙafa da ta ɗan kumbura. Kezia 'yar Bogoro ce, amma a makarantar nan muka san juna tun ina kawo wa Maigida ƙullin ƙosai. Ita da allura, ni da ludayi.

Za mu fito ta ja ni gefe. Ta ce mayafin Saliha warin taba yake. Na ce ai ba ita ke sha ba. Ta ce, "Yaya Fatu, wanda ke zaune kusa shi ma sha yake, kunnawa ce kawai bai yi ba." Wai hayaƙin na bin jinin uwa ya kai ga ɗan, ana iya haifarsa ƙarami, ko ya zo kafin lokaci. Manya ma yana taɓa musu huhu da zuciya. Ta ce dokar ba don masu sha aka yi ta ba, don na kusa da su ne.

Na ce to.

A hanya na tuna likitan nan na babban asibiti, da ya ɗaga hoton ƙirjin Maigida ya tambaye ni shekara nawa ya yi yana shan taba. Na ji haushinsa ranar, har na ce ya tambayi duk Azare. Ya dai rubuta wani abu.

Ba na son bin wannan tunanin. Na saya wa Saliha goruba, ita take ta nema.

Alhamis, 26 ga Yuni

Gyaɗar da na shuka a bayan gida ta fito, layi shida. Alhamdu lillahi.

Lahadi, 29 ga Yuni

Na kai wa maƙwabciyata Ya Gana kukana. Ba zan iya buɗe baki in ce wa Malam Jaji kashe tabarka ba. Ya girme ni, ga abin da ya yi mini, kuma idan ya yi fushi ya daina zuwa fa? Wa zai riƙa ba ni labarin? Ga Saliha kuma.

Ta saurare ni tana tankaɗen itacen turare, sai ta ce, "Ke Bafillatana, ƙwaryar nono ta danne miki kai. Kina katanga ɗaya da Babarbariya kina kukan wari?" Ta ɗebo mini turaren wuta a kwalba, mai hawi da sandal, irin wanda take haɗa wa amare. Ta ce in zuba a kasko, duk wani mugun hayaƙi sai ya gudu. Ɗakin mai jego ma ba da shi ake gyarawa ba?

Na ce ashe Barebari ma suna da amfani. Ta jefe ni da murfin kwalba.

Raina ya yi sanyi. Kowa ya zauna inda yake, ba a ɓata wa kowa ba.

Talata, 1 ga Yuli

Doka ta fara. Malam Jaji da Umara suka ɗauke bencin daga bakin ƙofa suka shigo da shi can ciki, bayan kwalayen madara, inda ba a hango su daga hanya. Da, rabin hayaƙin waje yake tafiya. Yanzu duka namu ne.

Na hura gawayi a kasko na barbaɗa turaren Ya Gana. Kai! Shago ya ɗauki ƙamshi. Malam Cornelius ya biyo yana duba shaguna, ya tsaya a bakin ƙofa ya shaƙa, ya ce, "Mama Fatu, shagon shayi ne ko ɗakin amarya?" Malam Jaji ya ɓoye hannu a bayan benci, fuska kamar liman ranar Juma'a. Malam Cornelius na wucewa muka fashe da dariya.

Yau na ji kaina wata mai dabara.

Litinin, 7 ga Yuli

Kwana shida lafiya lau. Saliha ta ce kanta na ɗan sarawa da rana. Na ce ciki ne, ni ma haka na yi a nata.

Labarin yau: ranar da Maigida ya je ɗaurin aure Gololo ya dawo da takalmi ƙafa ɗaya nasa, ƙafa ɗaya ta wani, bai lura ba sai da ya zo alwala. Wannan ban san shi ba! Ashe ɓoye mini ya yi. Na yini ina murmushi ni kaɗai.

Alhamis, 10 ga Yuli

Yau Allah ne ya tsare.

Wajen sha ɗaya hadari ya haɗo daga gabas, ruwa da iska. Umara ya saki tampol ɗin ƙofa ya danne da dutse don kada feshi ya jiƙa burodi. Mu huɗu a ciki. Su biyu suka kunna, ni kuma na ƙara turare, har cokali biyu, saboda na ga an rufe. Malam Jaji na tsakiyar labari na ji Saliha na tari a bayana. Na juya, ta dafa tebur za ta tashi, sai ta sulale. Allah ya sa kan tabarma.

Ban san sanda na yaye tampol ɗin ba. Umara ya ruga cikin ruwa ya kira Kezia. Ta zo ko lema babu, ta sa kai ciki ta ja da baya tana tari. Muka fitar da Saliha barandar ajin da ke kusa, ta gwada ta, ta saurari cikin. Lafiya, su biyun. Ta yi amai ta dawo hayyacinta.

Sannan ta dube ni. "Yaya Fatu, mene ne wancan a kasko?"

Na faɗa mata. Na ce don ya kashe na tabar.

Ta ce, "Hancinki kawai ya rufe. Na tabar na nan bai je ko'ina ba, kin ƙara masa na turare da na gawayi, kun kuma rufe ƙofa. Huhu ina ruwansa da ƙamshi?"

Na tsaya, ruwan indararo na zuba a wuyana. Sai na ji bakina na tambayar abin da ban shirya ba. Lokacin da tarin Maigida ya yi tsanani, kafin mu je asibiti, wata uku ina yi masa hayaƙi. Habbatussauda da tazargade a garwashi, in lulluɓe shi da bargo, safe da yamma. Haka na ga an yi wa kakata, haka kowa ya ce in yi. Yana fitowa idanu jajur sai ya ce, sannu Fatu, na ji dama.

Kezia ta riƙe hannuna. Ta ce ba shi ya kawo ciwon ba, ciwon ya riga ya zauna. Na ce amma ya taimaka? Ta ce, "Bai taimaka ba." Na gode mata da ba ta yi mini ƙarya ba.

Na ce hayaƙin shagon fa, shekara ashirin? Ta ce ba mai iya rantsewa, amma ita ba za ta ce ba ruwansa ba.

Malam Jaji na can bakin shago, nesa da mu, bai ji ba. Da na waiwaya ya kama hanyar ƙofarsa cikin ruwan.

Juma'a, 11 ga Yuli

Ban buɗe shago ba. Saliha ta ci tuwo malmala biyu. Ya Gana ta shigo ta zauna da mu har azahar, ba ta yi mini tsiya ko ɗaya ba. Da za ta tafi ta ɗauki kwalbarta da kanta.

Litinin, 14 ga Yuli

Na jawo bencin bakin ƙofa da kaina kafin kowa ya zo. Na sa wuƙar burodi na yanke zaren laitar. Ban iya kwance ƙullin ba, kuma ban so ba. Na ƙulle shi a bakin zani.

Ƙarfe goma Malam Jaji ya zo. Ya tambayi jikin Saliha, ya zauna, ya zaro kara, ya miƙa hannu wajen ginshiƙi ba tare da ya duba ba, yadda ya saba. Hannun bai sami komai ba.

Na rusuna yadda nake gaishe shi. Na ce, "Malam, ina roƙon arziki. A daina sha a nan. Ba don allon Malam Cornelius ba."

Ya ce, "Hayaƙin itacen ƙosanki fa? Shi daga Aljanna yake zuwa?"

Na ce shi a waje yake, kuma zan ƙara jan murhun baya.

Ya yi ta juya karan a yatsunsa. Ya ce, "Na karanta takardar da suke rabawa. A ƙofata aka jibge su, ni nake miƙa wa mutane." Sai ya dube ni cikin ido, abin da bai cika yi ba. "Faɗi abin da ke ranki, Fatu. Ni na kashe Yero."

Kamata ya yi in ce a'a nan take. Bakina ya ƙi. Shirun bai yi tsawo ba, amma ya isa.

Ya mai da karan cikin kwali ya tashi. Shayinsa na ajiye, bai taɓa ba.

Laraba, 16 ga Yuli

Bai zo ba. Na gaishe shi a ƙofa da safe, ya amsa yana duban littafin baƙi.

Juma'a, 18 ga Yuli

Umara na zuwa ya karɓi shayi ya sha a tsaye. Ya ce yanzu Malam Jaji tsallaka titi yake, ya tsaya gindin wata katanga ya sha tabarsa, ko ana ruwa.

In faɗi gaskiya, shagon ya yi daɗin zama. Na fara jin ƙamshin cittata. Saliha ba ciwon kai. Ɗalibai mata uku sun zauna a bencin, wai da ma hayaƙin ne ke hana su. Ɗaya, Emmanuella, ta ce za ta koya wa Saliha saƙar hular jariri. Sun cika wurin da surutu, na ji daɗinsu ƙwarai. Amma da ɗayarsu ta zauna a gefen hagu sai da na kau da kai.

Kwana huɗu ba wanda ya ambaci Maigida.

Talata, 22 ga Yuli

Hular ta fito kamar ta kabewa. Saliha ta ce ai ba a san girman kansa ba tukuna.

Muna gyaran wake ta ce, "Inna, kofi goma sha ɗaya kike wankewa ki jera, guda ki ajiye daban. Kwana takwas ke nan." Na ce ta duba wakenta, akwai tsakuwa.

Amma na yi tunani. Ba tabar ce ta kore shi ba, da ita ce da ya yi mini faɗa ya dawo washegari. Shirun da na yi ne. Yana can ɗakin gadi shi kaɗai da abin da nake ɗauke da shi a nan ni kaɗai. Bambancin kawai, ni na san nasa, shi bai san nawa ba.

Alhamis, 24 ga Yuli

Na bar wa Saliha shago. Na haɗa shayi a kofinsa, mai kauri, sukari uku, na rufe da faranti na ratsa filin kwaleji da shi. Ɗalibai na ta kallona. Tun da aka kafa shagon ba a taɓa kai wa Malam Jaji shayi ba, shi ke zuwa.

Na ajiye a tagar gadi. Na ce, "Malam, rannan ka yi tambaya ban amsa ba."

Ya ce ya ji amsar.

Na ce bai ji ba. Na ba shi labarin bargon da garwashin, wata uku, safe da yamma, da abin da Kezia ta ce. Na ce, "Kai zama ka yi kusa da shi don amana. Ni lulluɓe shi na yi don ya warke. Idan kamu za a yi, mu biyu za a kama. Ba mu sani ba, Malam, kuma kwanansa ne ya ƙare. Amma yanzu mun sani, ga jikansa a hanya."

Wata mota ta zo, ya fita ya ɗaga mata ƙarfen ƙofa. Ya daɗe fiye da yadda ɗaga ƙarfe ke ɗauka. Ya dawo yana goge fuska da hula, wai gumi. Yayyafi ake yi.

Ya ce, "Ai ya gaya mini."

Na ce me?

"Ya ce, Jaji, Fatu ta mai da ni kifin banda. Amma kada ka faɗa mata, tana jin daɗi idan na ce na ji dama."

Na yi dariya, na yi kuka, duka a tagar gadi, mutane na wucewa. Mutumin nan! Wata uku yana shiga bargo don ni.

Malam Jaji ya shanye shayin. Ya ce sukari ya yi kaɗan. Ba gaskiya ba ne.

Juma'a, 25 ga Yuli

Bai zo ba, amma da safe shi ya riga ni gaisuwa.

Litinin, 28 ga Yuli

Ƙarfe goma da kwata na ji ana kurkurar baki a famfon da ke gefen shago, an daɗe ana yi. Sai ga Malam Jaji, gemu na ɗiga. Emmanuella na gefen hagu. Ya tsaya a kanta har ta matsa.

Ya ce da Saliha, "'Yar Yero, shinshina. Akwai?"

Ta ce, "Kaɗan, Baba. A riga."

Ya cire rigar kakin ya rataye a maina, a kan ƙusar allon Malam Cornelius, ya zauna da 'yar shara.

Bai daina ba, da bakinsa ya faɗa. "Kada ki sa rai, Fatu. Ni ne mai ƙofa, ni ne kuma ake kora bayan ƙofa, wannan ma ya ishe ni." Amma wai tsallaka titin na ba gwiwarsa wahala, daga kara goma ya koma huɗu a yini. Umara ya ce shida. Malam Jaji ya ce, "Kai wa ya sa ka ƙirga? Je ka ƙirga ƙwan fitilun da ka ƙona." Suka yi ta musu har shayi ya huce, na sake ɗumamawa.

Juma'a, 1 ga Agusta

Na faɗa wa Malam Cornelius gaskiyar abin da ƙamshin nan ya rufe. Ya ce, "Mama Fatu, na ga hayaƙi na tashi daga bayan benci. Na ɗauka dai benci ba ya shan taba." Kunya ta kama ni. Na ba shi ƙosai, ya zauna ya ci.

Ya Gana ta dawo da tsiyarta, wai Bafillatana ta ɓata wa turarenta suna a kwaleji. Yanzu a tsakar gida take kunnawa idan Saliha na nan.

Alhamis, 7 ga Agusta

Rana ta fito bayan kwana uku. Kezia ta ce in haɗa kaya, kowane lokaci daga yanzu.

Benci ya cika yau har Umara ya koma kan jarka. Malam Jaji da Malam Cornelius suka kama gardama kan tsutsar da ta shiga dawa a Giade, ɗaya na cewa toka, ɗaya na cewa feshi. Emmanuella ta ce ita ba ta ga alamar ɗayansu ya taɓa riƙe fartanya ba. Malam Jaji ya buɗe mata tafin hannu ya ce ta ƙirga kantar da noma ya bar masa, tunda 'yar boko ce. Na ƙona kasko guda na ƙosai saboda dariya. Awa ɗaya ya yi, ya ɗauki rigarsa ya ce sai gobe.

Sai yanzu da na zauna bayan la'asar na lura bai ba da labarin Maigida ba. Jiya ma, ina jin. Na ajiye biro ina jiran abin ya soke ni. Na jira. Sai Saliha ta kira ni daga ɗaki, wai in zo in ji yadda ɗan ke harbi a ciki.

Gobe zan tuna wa Malam Jaji. Ko jibi. Ga waken gobe ma ban surfa ba.